Yabon Benci

"Suna kawai nake so," in ji Mai Makaranta. "Ka kawo mini suna, aikin bencin aji shida naka ne."

Kafinta ya goge garin katako a jikin wandonsa, suka tafa. Ya san dalilin da aka zo wurinsa. Katanga ɗaya ce tsakaninsa da Malamin Rubutu, wanda ya yi wata biyu a kwance.

Kafin ciwo ya kayar da shi, Malam ya koya wa 'yan ajin ƙarshe zambo, ya sa kowa ya buga nasa a na'ura ba suna. Takarda ɗaya ta faɗa hannun Mai Makaranta. Da ya ga yabo tun daga sama, sai ya hau dandamali a taron safe yana karantawa da ƙatuwar murya. Sai da dariya ta kama har malamai sannan ya gane. Ya rantse wanda ya rubuta ba zai zauna jarrabawar fita ba, ga shi saura mako uku.

Da hantsi Kafinta ya shiga ɗakin Malam. Kwalaben magani sun cika taga, fanka na juyawa kamar an tilasta mata. Malam ya zama ƙashi da ido.

"Maƙwabci, dubiya ka zo ko awo? In makara ce, rage faɗi, na ƙanƙance."

Kafinta ya so ya kewaya, ya kasa. Ya faɗi cinikin da ya yi tiryan-tiryan.

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Zauna. A ajina ba a tambayar wa ya rubuta sai an san me aka rubuta." Ya lalubo takarda daga cikin wani littafi. "Saurara. 'Madalla da bencinmu, shi ma malami ne. Da ƙusa yake koya mana haƙuri, kuma duk wanda ya jingina sai ya tuna Mahaliccinsa.' Me ka ji?"

"Yabo."

"A baki. A ciki fa?"

"Zagi ne tsagwaronsa."

"Ka ci aji ɗaya. Mai gidanmu Mai Makaranta sai da ya kai tsakiyar shafi." Ya numfasa, ya ci gaba. "'Kada ku ga laifinsa in yana ƙara. Ɗanye aka yanko shi, har yau kukan uwarsa yake.'"

Nan take Kafinta ya gane. Maganarsa ce. Shi ke faɗin ta in ƙofa ta yi ƙara a gida, yara su yi ta dariya. Kuma a 'ya'yansa bakwai, Auta ce kaɗai ta kai ajin ƙarshe.

"Malam..."

"Ni ban ce komai ba. Mai rubutu ba ya rasa barin sawu."

"Na riga na tafa da mutumin nan. Gobe zai dawo."

"Ka ba shi suna mana. Ka ce ni ne."

"Ba zai yarda ba."

"Da gudu ma. Babban mutum ya fi son a ce malami ne ya yi masa dariya, ba 'yar shekara sha bakwai ba. Wannan ma darasi ne, ka san mai sauraronka."

"Gidan nan nasa ne, Malam. Zai fitar da ku."

"Ni dai an riga shi."

Sai a lokacin Kafinta ya lura da matar Malam a bakin ƙofa, riƙe da kofi. Ta ji komai. Malam ya dube ta, wannan karon babu wasa a fuskarsa. Sannan ta ƙaraso ta tallafo kansa.

"Sha maganinka," ta ce. Ba ta juyo ba ta ƙara da cewa, "Baban Auta, ai ka ji abin da ya ce."

Washegari Kafinta ya faɗi sunan, idonsa a kan zarto. Mai Makaranta ya gyaɗa kai. "Dama na sani. Yaro ba zai iya wannan ba."

Kwana huɗu bayan nan, Kafinta na tsakiyar yanka katako ya ji kuka ta bayan katanga. Ya bar zarton a cikin katakon ya fita. Takardar tashi ta iso kafin masu gaisuwar rasuwar Malam su ɗauke ƙafa.

In lissafin wanda ya ci ake, Mai Makaranta ya sami suna ya huce. Kafinta ya sami aikin aji shida. Auta ta zauna jarrabawa, ta fita, kuma tun daga ranar ba ta cika haɗa ido da ubanta ba. Malam ya tafi inda ba a korar kowa. Wadda ta yi asara ita ce matar da ba ta rubuta ko harafi ɗaya ba, shekara goma sha tara a ɗaki biyun nan.

Ranar tashinta Kafinta ya rufe shago ya shigo da akwatin aikinsa. Ta nuna masa gadon Malam, ta koma tsakar gida tana ɗaure tukwane. Ya durƙusa yana kwance shi a hankali, yana zuba ƙusoshin a aljihun rigarsa don kada ɗaya ta ɓata.