Wanda Zai Wanke Baba Lado

Da na miƙa masa kofin kunu na lura ya kankare lallen farcensa. Da wuƙa ya yi, don gefen ɗan yatsan ya yi jini ya bushe.

"Baba Lado, me ya samu hannunka?"

"Ba komai, ya binti, 'yata." Ya tura hannun ƙarƙashin bargo. "Mastura ce ta dama wannan? Ta cika tsamiya. Shekara talatin ina koya wa uwarki, halas, na haƙura."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Na riƙe kofin har ya lafa.

A ɗakin ƙasa na gininmu a unguwar Ruwais ta Jidda muka taso muka same shi. Daga Kano ya zo aikin Hajji tun kafin a haife ni, ya zauna. Duk biki ko rasuwa a layinmu, tukunyarsa ake ɗorawa. Kowa ya san ɗan daudu ne. Yana ɗaura zani in zai yi girki, yana tafa hannu in zance ya yi daɗi. Ba wanda ya taɓa furtawa a gabansa. Maza suna cin wainarsa, suna tsayawa sahu ɗaya da shi. Kafilinsa ma, wanda ya tsaya masa a takardun zama, Ammi Abdulghani ne, mai wankan gawa a masallacinmu, abokin shayinsa na bayan la'asar.

Ni na kai masa Wafa'. Tare muka yi jami'a, ta samu aiki a wani kamfanin fim. Ta ce suna son yin fim kan abincin Takari a Jidda, ni kuma in yi musu fassara. Wata biyu suna zuwa. Ya nuna musu yadda ake jiƙa shinkafar waina, yadda ake gane kasko ya yi zafi da bayan hannu. Wata rana da suka ce an kashe kyamara, ya ba da labarin wani mutum mai suna Abba, wanda suka zauna ɗaki ɗaya shekara ashirin da biyu har ya rasu. Ya yi kuka. Ba ni na fassara wannan wurin ba. Wani suka samu ya fassara musu.

Tallan fim ɗin minti ɗaya da rabi ne, kuma babu waina a ciki. Hannu ne da lalle, sai zani, sai kukan. An dusashe fuskarsa, amma an bar muryarsa da shuɗiyar ƙofarmu. A ƙasa an rubuta da Turanci cewa labarin soyayya ce da aka haramta a Jidda. Cikin kwana uku ya shiga wayar kowa a layin.

"Abdulghani bai leƙo ba?" ya tambaye ni.

"Wataƙila aiki ne ya yi masa yawa."

"Sati uku? Mutanen Ruwais duk mutuwa suke yi ke nan." Ya juya fuska bango. "Mun yi alkawari da shi, shi zai wanke ni. Ba na son baƙon hannu a jikina, Wejdan. Je ki tuna masa. Ke ba kya magana, shi ya sa in kin yi ake ji."

Ina fitowa na ga Wafa' a bakin matakala, da kwalin dabino a hannu.

"Habibti, sau nawa na kira ki?"

"Abinci kika ce min."

"Wallah da abinci muka fara. Mun kai wa kamfanoni huɗu a waje, ba wanda ya ɗaga kai. Sai Raed, shugaban kamfaninmu, ya tura musu wurin kukan nan. Washegari suka kira. Irin wannan labarin suke nema bana, shi ke shiga bukukuwan fim, shi ake saye."

"A nan kuma fa?"

Ta gyara mayafinta. "Na nan daban ne. Biyu muka yanka. Wanda za a nuna a ƙasashen Larabawa abinci ne zalla."

"Shi yana ciki?"

"An cire shi. Kin san ba zai wuce ba in yana ciki."

Na tsaya ina kallon kwalin. A can hannunsa ne a jikin talla, a nan kuma ko sunansa babu a kan girkin da ya koya musu.

"Ki duba ta wani ɓangaren," ta ce. "Mun sa duniya ta ji muryarsa."

"Ya ce miki yana son duniya ta ji?"

Ta rage murya ta ce Raed yana tambaya, in abin ya zo, ko za a bari su ɗauki jana'izar daga nesa, don fim ɗin ba shi da ƙarshe mai ƙarfi. Ban taɓa rufe wa mutum ƙofa a fuska ba sai ranar.

Gidan Ammi Abdulghani gini uku ne daga namu. Shi ya buɗe da kansa, bai ce in shiga ba.

"Ammi, jikin Baba Lado ya yi tsanani."

"Allah yishfi, Allah ya ba shi lafiya."

"Ya ce in tuna maka alkawari."

Ya dubi layin hagu da dama. "Ya binti, sunana ne a kan iƙamarsa, takardar zamansa. Surukaina sun turo min tallan nan sau uku. Jiya wani ya ce ba ya so in taɓa gawar mahaifinsa."

"Ai ka san shi tun da, Ammi."

"Na san shi. Ban ce ya zauna gaban kyamara ba."

"Ni na kai su."

Ya dube ni a karon farko. "To, ke ce ke nan." Ya tura ƙofar a hankali.

Da na koma Baba Lado ya karanta fuskata. Duk da haka na ce masa Ammi ya ce insha Allah.

"Insha Allah ɗin Hijaz ko na Kano?"

Na gyara masa bargo.

"Ma'alesh, ba komai. Ki ce wa Mastura ta ɗauki kaskon wainar. Kada ta wanke shi da sabulu, zan sani."

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. Umma tana goge masa goshi, ni ina riƙe da hannun. Yayana Sa'ud ne ya yi zirga-zirgar asibiti da takardu. Inda ake buƙatar sa hannun kafili, Ammi Abdulghani ya sa a cikin motarsa, ya miƙo ta taga. Wankan kuma ya ce bayansa na ciwo. Sai aka kai gawar wani babban masallaci can hanyar maƙabarta, ma'aikatan wurin suka wanke shi. Sa'ud ya ce mutum biyu ne, masu kirki, sun tambaye shi sunan mamacin sau biyu.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta. Umma ta ce ko daga mota ne sai ta raka shi, don haka muka zauna a tsallaken titi, gilashi a rufe. Bayan la'asar aka sallace shi tare da wasu gawa biyu. Daga layinmu, inda babu gidan da bai ci tuwonsa ranar makoki ba, mutum huɗu na ƙirga.

Makarar ta fito a kafaɗun masallata. Wani mai kayan aikin gini, wani dattijo Bayamane, wasu samari da ba su san ko wane ne ba, suna karɓa suna miƙawa gaba kamar yadda ake yi wa kowa.

"Ga shi can," in ji Umma.

Ammi Abdulghani ne ya fito ta ƙaramar ƙofa, takalmansa a hannu. Ya bi bayan makarar ba takalmi a kan kwalta mai zafi, taku goma ko sha biyu. Wani saurayi ya matsa ya ba shi wuri a kusurwar baya. Ya ɗaga hannu har ya kusa kai wa katakon, sai ya hango maƙwabtanmu a gefe. Hannun ya tsaya a iska. Wani ya cike wurin.

Ya sunkuya ya sa takalmansa ɗaya bayan ɗaya, ya bi ta bayan motocin da aka jera, ya nufi hanyar Ruwais.