Ingarman Kawu

Likita ta ɗaga jelar dokin, ta duba, ta saki. Ƙudaje suka tashi, suka dawo inda suke. Bargar kuwa sai warin fitsari da taɓo, don damina ta zauna daram.

Kawunta yana daga bakin ƙofa, hannun dama a naɗe da bandeji, ya ƙi matsowa ko taku ɗaya.

"Yau nake so ki fiɗiye shi, 'yar nan. Yanzu."

Ta dube shi sama da ƙasa. Wannan fa shi ne mutumin da ta roƙa tun dokin yana ɗan duƙushi, bai cika shekara ba, ta ce a yi masa fiɗiya cikin sanyi, lokacin da babu ƙuda, ciwon ya warke a 'yan kwanaki. Ran nan har dariya ya yi mata a gaban abokansa, wai a gidansa ba a rage wa namiji komai. Mutumin da ko sirdi bai iya ɗaurawa ba, sai tsayawa kusa da doki a ɗauke shi hoto. Yanzu ga doki ya shekara huɗu, ya ga goɗiya tana wucewa, ya tsinke igiya, ya harbe mai gidan cikin kwata.

"Kawu, ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ya riƙa, jijiyoyinsa sun yi kauri, jini zai zuba sosai. Ga ƙuda, ga taɓo. In na yanka yau, kafin mako tsutsa ta shiga."

"Ta shiga mana. Ya ji abin da na ji."

Ashe ba gyara yake nema ba, ramuwa ce. Wani raini ya taso mata har wuya. Dattijo da furfurarsa, wai fansa zai ɗauka a kan dabba.

"A bari damina ta ɗauke. Kuma ko an yi, ba lallai halin ya sake ba. Ya riga ya koya."

"In ba za ki yi ba, akwai mahaucin bakin kasuwa. Ya ce shi ko allura ba ya bukata."

Ta san mahaucin, ta san wuƙarsa, ta taɓa ganin abin da ya bari a jikin wani jaki. Dokin ya sunkuyo yana shinshinar aljihunta, bai san zancensa ake yi ba. Ta shafa wuyansa, ta ɗauki jakarta ba gaggawa.

"To shi ke nan. Bari in biya ta majalisarku in gaida su Baba. Ɗazu suke tambayata jikinka, wai ka faɗi a kan babur."

Kawu ya yi tari.

"Me za ki ce musu?"

"Ni likita ce, Kawu, na san shatin kofato. Kuma an ce yara uku ne suka jawo ka daga kwatar, kana kiran inna."

Ya daɗe yana kallon bandejinsa. Ƙuda ya sauka masa a hanci, bai ko kore shi ba.

"Damina saura wata nawa?"

"Biyu. Zan tafi da shi asibitinmu ya zauna, kada mahauci ya yi ɓatan kai."

Ta kwance igiyar daga turke. Kawu ya manne da bango har dokin ya wuce, sannan ya biyo su tsakar gida, ya rage murya.

"'Yar nan, in an yi abin... mutane za su gane?"

Ba ta ko waiwayo ba.

"Doki ba ya sa wando, Kawu."