Shingen Ngone da Bokitin Goggo

Gidan su Ngone ne na ƙarshe kafin teku. Gidajen da ke gabansu a da, ruwa ya cinye su. Bayan unguwar kuma kogi ne, babu wurin matsawa.

Shi ya sa ta yanko ciyawar kacala a bakin kogi, ta saƙa shinge, ta kafa a rairayi bayan ɗakin mahaifiyarta. Iska na kwaso yashi, shingen na tarewa, tudu na tashi sannu a hankali. Ta dasa ciyawa mai yaɗo a kai don saiwa ta riƙe shi.

Wata safiya wari ne ya tarye ta tun daga ƙofa. Ta iske Goggo Daba, ƙanwar babanta mai busar da kifi, tana juye bokiti a gindin shingen. Hanjin kifi ne da leda da kunzugun jarirai, har da fatar rago da ta fara zagwanyewa.

"Goggo, mene ne wannan?"

"Gudummawa. Kin zauna jiran iska kamar mai jiran saurayi. Mu da shara muka cike bakin kogi muka yi ɗakuna."

"Ai teku ba kogi ba ne, Goggo."

"Ji min 'ya. Ni na goya ki, yau ke za ki koya min teku?"

Ngone ta sunkuyar da kai. Ba ta taɓa iya musu da babba ba.

Kafin mako ya zagayo, matan layin duk sun bi sahun Goggo. Ƙudaje suka yi baƙi a kan shingen. Karnuka suka tone ciyawar suna neman hanji, tsutsa na fitowa daga ramukan. Ko shinkafa da kifi aka ajiye wa Ngone, sai ta ture kwanon.

Ranar da teku ya cika, gefen da sharar ba ta kai ba ya tsaya. Tsakiyar kuwa ta rufta, don babu abin da ke riƙe da ita sai leda. Ruwa ya bi ta nan ya daki bangon ɗakin Inna, ya tsaga shi, ya bar fatar ragon manne a jiki.

Ngone na kwashe ƙazantar da hannu, ta ɗaure hanci da mayafi, sai ga Goggo da bokiti a ka.

"Kin gani? Sharar ce ta yi kaɗan. Matsa."

Ngone ta dubi tsagar bangon. Ta miƙe, ta tsaya a bakin gurbin.

"Ba za a zuba ba, Goggo."

"Ni kike faɗa wa?"

"Ke nake faɗa wa. Ki yi haƙuri."

Goggo ta yi tsaki, ta juya, ruwan hanjin na ɗiga mata a wuya. Ngone ta durƙusa ta ci gaba da tonon leda.