Ƙasar Ƙofar Gidan Yamna

Mahaifiyata, Lalla Zahur, ba ta iya ce wa baƙo a'a ba, ba ta kuma iya gaya masa labari marar daɗi ba. Abin da ta ƙware a kai shi ne ta ɗura masa abinci har ya manta abin da ya kawo shi. Da haka ta riƙe Nuzha a gidanmu na birnin Fas a Maroko kusan mako guda, ni kuwa ina tsakiya kamar in fashe.

Nuzha 'yar Yamna ce, aminiyar Mama tun suna yara a ƙauyen Bu Lawza, can cikin duwatsun arewa. Yamna ta yi aure ta bi mijinta Beljiyam, ba ta sake takowa gida ba. Bara Allah ya yi mata rasuwa, aka binne ta a can. Wasiyya ɗaya ta bari: a ɗebo ƙasa daga ƙofar gidan ubanta a zuba a kan kabarinta. Shi ne Nuzha ta taso da 'yar jakarta, da wata 'yar kwalba da ta wanke tas, da tikitin komawa ranar Lahadi.

Ga inda gizo ke saƙar. Bu Lawza yana ƙarƙashin ruwa. Tun ina goye aka gina madatsar ruwa a kwarin, aka kwashe mutane, ruwa ya shanye gidaje da gonakin zaitun gaba ɗaya. Ranar da Nuzha ta sauka, tana shiga wanka Mama ta ja ni da yayana Larbi kicin.

"Duk wanda ya buɗe baki ya gaya wa yarinyar nan, ban yafe ba."

"Haba Mama," na ce, "ƙasar fa ta zo ɗiba."

"Marainiya ce. Ta huta tukuna, ta ci abinci."

"Sai yaushe ke nan?"

"A dai ce mata ta sayi kayan ninƙaya," in ji Larbi. Mama ta cire silifa ta jefe shi, ya goce yana dariya ya fice. Shi ke nan nasa ya ƙare. Ni da na ɗauki hutu daga kantin maganin da nake aiki don in kai baƙuwa, ni aka bari da riƙon ƙarya.

Washegari Nuzha ta sauko da takalminta a ƙafa, kwalba a hannu.

"Khalti, yau za mu?" Haka take kiran Mama, kamar 'yar'uwar uwarta ta jini.

"Gobe in sha Allahu, 'yata. Wa ke shiga garin uwarsa da dattin jirgi a jiki?"

Sai gidan wanka na unguwa. Mama da kanta ta zaunar da ita a ɗakin zafi, ta shafe ta da baƙin sabulu, ta dirje ta har ta koma ja, tana nuna wa matan unguwa ita ɗaya bayan ɗaya. Muka fito la'asar sakaliya, babu mai ƙarfin ɗaga yatsa.

Gobe ta zo, sai ga suna a gidan maƙwabta, wai abin kunya ne a ce muna da baƙuwa ba mu kai ta ba. Wata goben kuma gwiwar Mama ce ta tashi. Gwiwar da ba ta hana ta hawa saman soro shanya ba, ba ta kuma hana ta tsuguno gaban garwarta ta na'a-na'a da ke can soron ba. Wata tsohuwar garwar man zaitun ce da ta yi tsatsa, ta girme ni, kuma ko ganye ɗaya ba ta yarda wani ya tsinka. Da ganyen cikinta take dafa wa Nuzha shayi safe da yamma. Ta ɗaga buta sama ta tsiyaya, ta miƙa mata, sannan ta zauna ta zuba mata ido. Sau biyu ina ji ta kira ta Yamna, ta yi sauri ta gyara.

"Ci, 'yata, ba ki ci komai ba."

"Wallahi Khalti na ƙoshi."

"Ƙoshin me? Dubi wuyanki. Batul, ƙara mata burodi."

Ni dai abin ya ishe ni. In na kalli kwalbar nan a kan taga sai raina ya ɓaci. Na tare Mama a matakala na ce mata wannan ba karamci ba ne, zalunci ne da man shanu a kai. Ta ce tun ina cikin zanen goyo ta san bakina zai yi kaifi, ta wuce abinta.

Ranar Juma'a ko tambaya Nuzha ba ta yi ba, don ta riga ta gane babu mai barin kuskus ɗin Juma'a ya hau hanya. Mama ta yi ta tura mata nama gabanta a cikin babban akushi. Bayan an watse muna wanke-wanke, Nuzha ta yi magana ba ta dube ni ba.

"Batul, jibi zan tashi. Gobe zan je tasha in shiga tasi, ko ni kaɗai. Ba zan koma wa kabarin uwata hannu sake ba."

Kunya ta kama ni har cikin ƙashi. Na ce ta shirya da sassafe, ni zan kai ta, Mama ta yi duk abin da za ta yi.

Da safe muka lallaɓo ƙasa kamar ɓarayi. Ina buɗe ƙofa sai ga Mama tsaye jikin motata cikin jallabiyarta ta unguwa, da kwando, da ƙaramar tukunyar gas, da buta, da darduma a naɗe.

"Kun makara," ta ce. "Buɗe min gaba, gwiwata ba ta son baya."

Tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, Mama ta so ta mai da ita ta kwana. A tsaya a sayi ɓaure a bakin hanya. Ɓauren bai yi ba, a gwada na gaba. A ratse a gaida wata 'yar ƙanen kakarta da rabona da jin sunanta tun ina firamare, kuma shiga gidan yana nufin shayi, shayi yana nufin a jira burodi ya fito daga tanda. Na tsaya a bakin ƙofa da makulli a hannu na ƙi zama.

"'Yarki ba ta da lafiya ne?" matar ta tambaya.

"Haka aka haife ta," in ji Mama.

Daga nan ban sake taka birki don kowa ba. Hanya ta yi ta nannaɗewa cikin duwatsu, Mama ta daina surutu, ta riƙe bakin mayafinta. Muna shan wata kwana sai ga ruwa shimfiɗe daga wannan dutse zuwa wancan, shuɗi, shiru. Kwalta ta gangara ta shige cikinsa ta ɓace. Na kashe mota muka fito.

"'Yata," Mama ta fara, "akwai abin da ban..."

"Na sani, Khalti," in ji Nuzha. "Na gani a taswira tun kafin in sayi tikiti. Ita ma Mamata ta sani, ciwo ne ya mantar da ita a ƙarshe. Na ga ba kya son zancen, shi ya sa na yi shiru. Wanda zai nuna min wurin kawai nake so."

Na dube ta, na dubi Mama. Mako guda! Wannan tana lallaɓa waccan, waccan tana lallaɓa wannan, ni kuma na ƙone hutuna ina haɗiyar magana. Da na buɗe baki a lokacin, da na faɗi abin da zan yi nadama.

Nuzha ta tsuguna a bakin ruwa za ta ɗebi laka.

"Ajiye," Mama ta ce. "Wannan ba ƙasarmu ba ce, tudun wasu ne, nan suke kiwon awakinsu. Yamna za ta gane." Ta miƙa hannu can tsakiyar ruwa, inda babu komai sai iska na kaɗa shi. "Gidanku yana can. Namu na jikinsa, ƙofa na kallon ƙofa. Tsakani akwai bishiyar ɓaure."

Nuzha ta daɗe tana kallon wurin. Sai ta zauna daɓas a kan duwatsu, kwalba a cinya, ta fashe da kuka irin na wanda ya zo da nisa ya tarar ba kowa.

Mama ta durƙusa da gwiwar nan tata, ta rungume ta.

"Yi shiru. Ƙasarku tana nan. Ranar da motoci suka zo kwashe mu, kowa na ɗaukar katifa da tukwane, ni garwa na cika daga tsakanin ƙofofin nan biyu. Ita ce a saman soro. Shayinta kike sha tun da kika zo."

Nan kam na kasa riƙe kaina.

"Mama! Tana saman kanmu duk kwanakin nan? Matakala kawai za ki hau! Kika bar baiwar Allah tana rungumar kwalba, kika sa ni ƙarya, kika sa muka keto duwatsu! Me ya hana ki ba ta tun ranar farko?"

Ba ta ɗago ba. Tana shafa kan Nuzha ta amsa.

"In na ba ta ranar farko, me zai zaunar da ita? Uwarta ta ce min wata biyu za ta yi ta dawo. Ina nan ina jira har aka ce ta mutu. Sai ga fuskarta ta shigo min gida da ƙafarta, ki ce in sallame ta a yini ɗaya?"

Haushin bai tafi ba, sai dai ya rasa inda zai sauka. Na koma mota na sauke tukunyar gas, na dafa shayin da kaina.

Ranar Lahadi da safe muka hau soro mu uku. Mama ta ɗauki cokali ta tona gefen garwar a hankali, don kada ta taɓa saiwar. Ta cika kwalbar, ta danna da babban yatsa, ta ƙara, ta rufe, ta goge da bakin mayafinta.

"Ki ce wa Yamna rabi ne wannan," ta ce. "Sauran nawa ne. Batul ta san inda za ta zuba shi in ranata ta zo."

Ta miƙa min cokalin ta ce in wanke, kuma in yi sauri kada in sa yarinya ta rasa jirgi.