Nola da Awon Wuta

Nola ta kai hannu ta ɓamɓare abin da aka manna mata a wuya, ta tashi zaune a kan gadon injin gashin ciwon daji. Wani ɗan faifai ne baƙi, siriri kamar ɓawon albasa, da waya a jikinsa.

"Anti, kar ki motsa," in ji ma'aikaciyar asibitin.

"Ai na riga na motsa. Mene ne wannan?"

Aka kira Dakta Lindgren, aka shigo da Leanne, 'yar Nola, wadda ta rako ta birnin Adelaide daga ƙauyensu na hamada tun da aka gano ciwon daji a maƙogwaronta. Likitan mutum ne mai fara'a, sai dai fara'ar tasa kullum tsallake tsohuwar take yi ta sauka kan 'yar. Leanne ya yi wa bayani. Ya ce ƙwayar sola ce, irin ta kan rufin gida. Idan wutar injin ta dake ta sai ta ba da lantarki, da shi ake gane yawan wutar da ta shiga jikin mara lafiya. Bincike ne sabo, kuma Anti ta amince tun ranar farko.

Gaskiya ne Nola ta ce "to". Amma a wajen mutanenta, "to" ɗin da ake ce wa baƙo ladabi ne kawai, na ji ka ne, ba na yarda ba. Asibitin ya shekara yana karɓar mutanen hamada bai koyi wannan ba, don rashin sanin ya fi yi masa sauƙi.

"Sola na san ta, ita ke jawo mana ruwa," in ji Nola. "Mitarta kuwa a bango take, kowa na gani. Ina tawa mitar?"

"Tana ɗakin can bayan bango, wurin ma'aikata."

"Kawo ta nan. In an gama gasa ni, in gani da idona."

Ya yi murmushi, ya sake duban Leanne. "Alƙaluman na bincike ne, ba mu da izinin nuna su. Kuma ko ta gani, ba abin da za su gaya mata."

"Yaro, wuyan wa ake gasawa? Nawa ko nata?"

* * *

A kan bencin baranda Leanne ta riƙe hannun uwarta.

"Mama, saura rabin gashin fa. Sun ce in kika tsaya a nan, abin zai dawo da ƙarfinsa. A kan lamba za ki mutu? Lambar da ko karanta ta ba ki iya ba?"

"Ke kin iya. Me na kai ki makaranta ki yi?"

"Don Allah ki bari."

Nola tana yarinya aka yi gwajin bam ɗin nukiliya a ƙasar kakanninta. Ba wanda ya zo ya faɗa musu. Ƙasa ta girgiza, baƙin hayaƙi ya biyo iska ya kwanta a kan bukkokinsu da ruwan shansu. Idanun babanta suka mutu, ƙanwarta ta yi ta amai har ta cika. Da suka kai kuka bayan shekaru, sai aka tambaye su shaida: wa ya auna? Nawa ya shiga jikinku? Suka dawo gida da kunya, kamar su ne suka yi laifin.

Tsoron mutuwa kam tana ji, har cikin ƙashinta, kuma tana son ganin auren jikarta. Amma wannan wutar dangin waccan ce, ita ta sani, likitocin ma sun sani.

"Wancan karon sun ce ba wanda ya auna," ta ce. "Yanzu ga shi sun auna, a kan fatata, kuma wai ba nawa ba ne. Je ki ce masa ina nan. Ya juyo min da allon mitar, in kwanta ko motsi ba zan yi ba."

Leanne ta tafi. Ta daɗe, sannan ta dawo ita kaɗai, idanunta jajur.

"Ya ce zai kai maganar gaban kwamiti. Sai wata mai zuwa suke zama."

"Yau fa?"

"Yau sun rubuta kin ƙi magani."

"Ban ƙi ba. Tambaya na yi."

"Babu gurbin wannan a wurinsu, Mama."

Ƙofar ɗakin gashi ta buɗe, ma'aikaciyar ta leƙo ta kira wani suna. Wani dattijo ya miƙe, ya bi ta yana gyara rigar asibiti.

Nola ta bi shi da kallo har ƙofar ta rufe. A gefen wuyanta akwai layukan shuɗin tawada da aka zana don saita injin, waɗanda aka gargaɗe ta kada ruwa ya taɓa su. Ta lashi babban yatsanta, ta shiga goge su a hankali. Leanne na kallo, ba ta riƙe mata hannu ba.