Rigar da Umma Ta Rage

Bayan rasuwar Kanar, rundunar soja ta shirya taron tunawa da shi a zauren kotun da ya daɗe yana alƙalanci. Aka aiko wani Manjo gida ya karɓi rigar kakinsa, wai za a saka ta a akwatin gilashi. Umma, matar marigayin, ta buɗe kabad ta tsaya. Riguna biyu ne a rataye, babba da ƙarama.

Kanar kam ƙato ne, tubarkalla. Giwa sojoji suke ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kotu. Da aikin lauya ya fara, yana kare ƙananan sojojin da ba su da uwa a gindin murhu, daga baya aka ɗora shi kan kujerar alƙali. Ko a gida halin bai bar shi ba. In yaro ya kawo ƙara, sai ya ce a kira ɗaya ɓangaren. Umma takan ce, "Haba Baban yara, a kan cokali ma sai an yi zaman kotu?" Shi kuma ya ce, "Cokalin ma da mai shi."

Sai ciwon daji ya shigo musu ba sallama. Likita ya ce ya ajiye aiki. A lokacin kuwa akwai shari'ar wani kofur a gabansa, wanda ake zargi da guduwa daga fagen daga, ya daɗe a tsare har 'yarsa ta fara tafiya bai gani ba. Ƙa'idar kotun ita ce, in alƙali ya sauka a tsakiyar shari'a, sabon alƙali daga farko zai faro. Shaidu kuma sun fara watsewa. In manya suka gane Kanar ba shi da lafiya, ranar za su sauke shi.

"Maman yara, rage min rigar nan," ya ce mata wata safiya. "Kada a kai wa telan bariki, gara a faɗa wa gidan rediyo."

"Za ka kashe kanka a kan ɗan wani?"

"Ɗan wanin ma ɗa ne."

Ta yi fushi, ta yi kuka, ta jawo keken ɗinkinta. Ta rage gefe, ta matsar da maɓallai, ta cusa soso a kafaɗu. Bayan ɗan lokaci rigar ta sake yi masa yawa, ta sake ragewa. Da ƙusa take huda masa sabon rami a bel. A ofis ya ce musu likita ne ya hana shi maiƙo, har suna tsokanarsa wai Giwa na son komawa saurayi. Ita kaɗai ta san abin da take yankewa da almakashi. Ranar da ya wanke kofur ya sallame shi, ya dawo ya tuɓe rigar, bai ƙara saka ta ba.

Wannan ƙaramar rigar ce Umma ta miƙa wa Manjo. Ya ɗaga ta, ya juya ta, ya yi murmushin ladabi.

"Umma, a yi haƙuri, ina jin an yi kuskure. Wannan ko ni ba za ta shige ni ba. Giwa fa!"

Umma ta karɓi abarta. Ta koma ta ɗauko masa babbar.

Ranar taro ta saka ƙaramar a jaka ta ɗora a cinyarta. Manya suka yi ta jawabi, ga babbar riga can a gilashi, an goge ta tas. Wani Janar har cewa ya yi Allah ya yi wa Kanar gata, ciwon farat ɗaya ya ɗauke shi, bai sha wuya ba. Bai sha wuya ba! Wallahi wannan maganar ta fi ranar mutuwar yi mata ciwo. Mutumin da suke yabo ba shi ta yi jinya ba.

Ana watsewa wani soja ya zo ya durƙusa gabanta, ya ce shi ne kofur ɗin nan. Yana cikin gaisuwa idonsa ya faɗa kan bakin jakar, inda gaban rigar ya leƙo.

"Umma, wannan ce. Ga maɓallin da aka ɗinke da baƙin zare. Shi na ƙura wa ido ranar hukunci, don na kasa kallon fuskarsa."

"Zaren kaki ne ya ƙare min, ɗana."

"Hannunsa yana ta rawa yana karatu. Na ɗauka fushi yake da ni."

"Ba fushi ba ne. Ciwo ne. Likita ya ce ya kwanta tun kafin a saurari shaidunka."

Kofur ya dubi rigar, ya dubi tarin ɗinkin da ke gefenta, layi a kan layi. Ya miƙe, ya juya wa akwatin gilashin baya, ya ƙame, ya sara wa jakar da ke cinyar Umma. Hawaye na zuba masa, bai sauke hannun ba.

Umma ta rasa me ake ce wa soja a nan. Sai ta tuna abin da mijinta yake faɗa.

"An sallame ka, ɗana. Je ka gida."