Igiya a Bakin Bene

Shekara talatin da ɗaya Mis Ozella Tarver tana hawa benen da ke can baya a cikin coci kowace Lahadi, matakala goma sha bakwai, ba wanda ya taɓa ce mata kanzil, sai da aka kafa kwamitin gyara tsakanin baƙar fata da farar fata.

Benen ya girmi kowa a garin. A zamanin bauta nan ake kora bayi su zauna, iyayengijinsu na ƙasa. Bayan 'yanci baƙaƙen fata suka gina tasu 'yar cocin ta Episkofal a hayin layin dogo, inda aka yi wa Ozella baftisma, aka kuma ɗaura aurenta da Lucius. Da mutane suka watse birane, bishop ya rufe ta, ya ce a koma babbar cocin fararen fata. Su goma sha huɗu suka zo. Ba wanda ya hana su zama ƙasa, amma kowane benci da masu shi tun kaka da kakanni. Mahaifiyar Ozella ta ɗaga kai ta ce, "Ku zo mu hau, can dai na san namu ne."

A can suka ci gaba da abin da suka saba. In ogan, abin kiɗan coci, ya yi shiru a ƙarshen waƙa, su ba sa yanke murya, sai su ja ta da baki rufe, ƙasa-ƙasa, har katako ya ɗauki rawa a tafin ƙafa. In an ambaci sunan mamaci a addu'ar jama'a, su amsa, "Na'am, Ubangiji." Ɗaya bayan ɗaya suka rasu. Lucius ne na ƙarshe, shekara shida ke nan. Saura ita, da sandarta, da bencin da ta san gurbin kowa a kai. Kaɗaici yana cinta a gida, yana cinta a kasuwa, amma a benen nan yakan ɗan sassauta mata.

Wata Lahadi bayan sujada, ana shan kofi, Rabaran Meredith Coyle ta zo ta riƙe hannunta. Yarinya ce a wurin Ozella, mai kirki ƙwarai, irin kirkin da ba ya tsayawa ya ji amsa. Tare da ita akwai Mista Dunleavy, shugaban kwamitin, rungume da takardu.

"Mis Ozella, albishirinki," in ji Rabaran. "Mun tono tsohon littafin baftisma. Sunayen bayi arba'in da biyu muka samu. Za mu yi sujadar tuba, a karanta su ɗaya-ɗaya."

"Madalla. Akwai Tamar a ciki?"

Mista Dunleavy ya bi takarda da yatsa. "Akwai! Kin san ta?"

"Kakar kakata ce."

Idonsa ya cika da ƙwalla. Ya ce abin da ya fi ci masa rai kenan, shekara da shekaru suna zaune ƙasa suna kallon tsohuwa tana jan ƙafa zuwa sama, mazaunin bayi, ba wanda ya ji kunya. Daga yanzu an gama. Za a keɓe benen ya zama wurin tunawa, a sa allon tagulla, a ɗaura igiya. Ita kuma an tanadar mata bencin farko, dab da bagade.

"Ni na ce muku na gaji da hawa?"

"Haba, Mis Ozella, gwiwoyinki fa," in ji Rabaran.

"Gwiwoyina ai nawa ne, Rabaran."

Suka yi dariya, wai tsohuwa akwai barkwanci. Ta buɗe baki za ta yi bayani, sai ta ga ta ina ma za ta fara? 'Yan kwamiti sun yi wata takwas suna karatu suna kuka a ɗakin taro, sun riga sun rubuta abin da ke damunta tun kafin su tambaye ta. Ta ɗauki wainar masararta a tsumman takarda ta tafi gida.

Ranar sujadar coci ta cika maƙil. Jar igiya mai kauri ta tare bakin matakala, da ƙugiyar tagulla sai ƙyalli take. Aka riƙo Ozella kamar ƙwai aka kai ta gaba. Bencin da laushi, ba laifi, amma ƙeyarta ta yi ta jin idanun mutane. Mawaƙa suka tashi da wata tsohuwar waƙar bayi da suka yi wata biyu suna koya daga takarda. Muryoyi tsaf, ba tuntuɓe. Mai ogan ya ɗaga hannu, suka datse ta ƙit, kamar an rufe famfo. Wayyo, waƙar da ake ja har sai ta gaji don kanta! Ozella ta ja tata a maƙogwaro, matar da ke gefenta ta juyo ta miƙo mata ruwa, ta zaci tari ne.

Sai Rabaran ta ce kowa ya juya ya fuskanci bene. Aka juya. Mista Dunleavy ya fara karatu.

"Cato."

Shiru.

"Venus, 'yar Judy."

Shiru. Benci shida a sama, wayam. Mutum ɗari biyu suna kallon katako, ana kiran mutane ba mai amsawa. Ozella ta lalubi sandarta. Ai ko kare ka kira ka so ya kaɗa wutsiya, balle mutanen da suka jira shekara ɗari da sittin a ambace su a wannan ɗaki.

Ta miƙe. Ƙwas, ƙwas, sandarta a kan daɓe, ta ratsa tsakiyar coci har baya. Ta cire ƙugiyar, igiya ta faɗi. Mista Dunleavy ya dakata, kowa ya tsaya yana ƙirga takunta, goma sha bakwai, da hutu biyu. Ta zauna a gurbinta, ta bar na Lucius a hagu.

"Ci gaba, ɗana," ta ce daga sama. "Ka koma farko."

"Cato."

"Na'am, Ubangiji."

Haka har arba'in da biyu. Da aka zo kan Tamar muryarta ta karye, amma ta amsa. Bayan na ƙarshe ta rufe baki ta ja waƙar nan ita kaɗai, a hankali, har ta ji katako ya motsa ƙarƙashin takalminta. A ƙasa ana ta shessheƙa.

Wurin kofi kuwa kamar su cinye ta. Wannan ya rungume, wancan ya sumbaci kumatu. Rabaran ta zo ido jajur.

"Mis Ozella, ban taɓa ganin abu mai ratsa jiki irin wannan ba. Cire igiyar nan da kika yi! Kwamiti ya ce lallai mu sa shi a tsari. Kowace shekara, rana irin ta yau, ke za ki cire ta ki hau."

"Kowace shekara."

"In Allah ya ba ki lafiya."

"To, Lahadi mai zuwa fa?"

Rabaran ta matse hannunta. "Bencinki na gaba yana nan, ba mai taɓa miki shi." Wani ya kira ta, ta juya.

Lahadi ta zagayo. Ozella ta zo da wuri kamar kullum, da farar hularta. Igiyar tana nan, an ƙara mata ɗan kwaɗo saboda yara, ga allon tagulla an kafe a bango da sunaye arba'in da biyu. Ta karanta har ta ga Tamar. Mai tarbar mutane a ƙofa ya miƙo hannu zai raka ta gaba, ta ce ya bar shi, tana zuwa.

Matakala biyu ne a wajen igiyar. Ta share ta biyun da hankici, ta dafa bango ta zauna, ta jingine sanda. Aka rufe ƙofar ciki da ta raba matakalan da ɗakin sujada, ogan ya tashi, tana jin sa sama-sama ta cikin katako. Da waƙa ta ƙare suka datse, ita ta ci gaba da ja. Can aka shiga addu'ar jama'a, aka fara ambaton matattu. Ba ta jin sunayen daga nan, sai dai ta kintaci inda muryar mai karantawa ta tsaya, ta amsa.